Biyu Kafin Huɗu

Ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni, 'ya'yana, in na gama ku faɗa min wa ke da gaskiya a gidan Malam Bawale, tsohon direban nan na bayan masallaci. Tun ranar da likita ya ce ciwon suga ya kama shi, matarsa Inna Tabawa ta kulle gwangwanin sukari a adaka, ta ƙulle mukullin a bakin zaninta. Koko ya koma salam. Malam kuwa ya shiga yajin aiki. Katangar da ruwa ya kayar tun bara, inda awakin maƙwabta ke shigowa suna cinye wa Inna zogale, ya ce ba zai taɓa ta ba, wai motarsa babu mai.

Ran Asabar sai ga 'yarsu Karimatu, mai koyar da kimiyya a sakandare. Malam ya gyara zama a tabarma, ya samu lauya.

"Karimatu, gaya wa uwarki gaskiya. Jikin ɗan'adam da me yake aiki?"

"Da sukari, Baba. Amma ai ko tuwon da kake ci, in ya shiga ciki sukari yake..."

"Bar zancen tuwo! Da sukari. Kin ji ko, Tabawa? Ci gaba, 'yar albarka."

Karimatu ta ɗauki goro. Ta ce jiki duk ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. In sukari ya shiga ƙwaya sai ta tsaga shi gida biyu, kamar haka, ta ɓare goron. Sunan aikin gilaikolisis. Sai dai ƙwayar kan fara kashe ƙarfi biyu daga nata na ajiya, sannan ta samu huɗu.

"Huɗu!" Malam ya ɗaga yatsu har saitin hancin matarsa. "Kowane ɗigo huɗu! Shi kika kulle min, kina neman katanga."

Inna Tabawa na tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma ba a yi mata wayo a lissafi.

"Ke, maimaita min. Wanne ke fara zuwa, biyun ko huɗun?"

"Biyun, Inna."

"Kuma nata na kanta?"

"Nata."

Inna ta ture faifai ta miƙe, tana kwance bakin zani, ta nufi ɗaki. Malam ya washe baki, ya turo kofin kokonsa gaba, har da goge cokali a hannun riga. Can sai ga ta ta fito da shebur da kwanon gini, ta dire su a gabansa.

"Bismilla, Malam. Abin da ido ba ya gani ma sai ya fid da biyunsa kafin ya ga huɗu. Kai da ka cika tabarma, tun bara ko rabin ɗaya ban gani ba."