Zaren da Na Zaɓa wa Fatsar Ba'indiye

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na jefa fatsa a gaban Manjo ba. Ko ni na so in manta, akwai tsofaffin ma'aikata a Ikara da har yau ba za su bar ni ba.

Lokacin mulkin soja ne, ana tsakiyar tsuke bakin aljihu. Ni mutumin Likoro ne, aiki ya kai ni Ikara ina malamin gona. Aikin dai a shekarun nan suna ne kawai: ba taki, ba iri, babur ɗin ofis yana jingine ba taya. Abin da muke yi shi ne mu taru a gindin darbejiya muna raɗe-raɗin wa za a kora, don kullum sai ka ji an rage ma'aikata a wani wuri. Ni kuwa ga matata Rahila da tsohon ciki, ga 'yarmu Ladi ko yaye ta ba a daɗe da yi ba. In na ji baƙuwar mota ta tsaya a ƙofar ofis, sai in leƙa in ga ko takardar kora aka kawo.

Maƙwabcinmu wani Ba'indiye ne, malamin lissafi a sakandare. Da naira ta faɗi ya ga albashinsa ba ya kai wa iyalinsa komai, sai ya tattara zai koma gida. Da yake ni nake duba masa 'yar gonar kuɓewarsa ta bayan gida, ya kira ni ya ba ni kyautar sandar kamun kifi. Ba irin karan da muka sani ba, wanda ake ɗaura wa zare a baki. Wannan doguwa ce mai sheƙi, tana lanƙwasa ba ta karyewa, a gindinta kuma akwai wani ɗan inji mai hannun juyawa. A cikin injin akwai ƙwarƙwaro, kamar na keken ɗinki amma ya fi shi girma, shi ne ke naɗe zaren, shi ne kuma ke juyawa ya sake shi in an jefa.

Zaren da ke kai ya riga ya ruɓe, ya cire ya yar. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani da 'yar Hausarsa. "Ka nemi wanda ake kira kofolima. Roba iri biyu aka haɗa a ciki, shi ya sa yake da laushi, ba ya riƙe naɗi, ga shi siriri amma da ƙarfi. Wannan inji ba ya son zare mai tauri. Kuma in ka jefa, babban yatsanka ya zauna a kan ƙwarƙwaron, kada ya fi zaren gudu."

Na yi ta gyaɗa kai. (Gaskiyar magana, ina kallon fuskata ne a jikin ƙarfen injin.)

Da na rataye abata a ɗaki na yi shiru, da ba a yi haka ba. Amma washegari na ɗauke ta na kai ofis. Na nuna wa kowa yadda hannun ke juyawa, na ce da irinta ake jawo kifi mai girman ɗan maraƙi a ƙasar Indiya. Na ce Ba'indiyen ya koya mini komai kafin ya tafi. (Ni da ko karfasa ban taɓa kamawa ba. Muna yara in an tafi rafi, ni ake bar wa gadin riguna.)

Ba a jima ba labari ya zo cewa an gyara dam ɗin da ke bayan gari an zuba masa irin kifi, kuma wani Manjo zai zo daga Kaduna ya buɗe. Aka ce kowane sashe ya fito da abin da zai nuna. Shugaban sashenmu, Malam Shehu, dattijo ne ɗan Dandamisa mai sanyin hali, wanda saura kaɗan ya yi ritaya lafiya. Ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa.

"Ka san halin da ake ciki," in ji shi. "Sashenmu ba shi da abin nunawa sai sandar nan taka. Za mu ce kamun kifi na zamani muke koya wa manoma."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba zare a kanta."

"To Zariya nisa gare ta? Ba sai ka kama komai ba. Ka tsaya dai ka jefa ta yi nisa, Manjo ya ga muna da amfani. In ya ga haka, mun tsira, ni da kai da sauran."

Na ce to, na fito. Motar haya kuma ta yi wuya a lokacin, sai ana gobe buki na samu na shiga Zariya.

A Sabon Gari aka nuna mini shagon wani mai sayar da komar kamun kifi da ƙugiyoyi. Na faɗa masa sunan zaren, yana cin gyaɗa bai ko ɗago ba, ya ce in duba cikin kwalin da ke ƙasa. Abin mamaki, yana nan. Ƙura ta rufe shi, amma ga sunan a jiki, daidai yadda Ba'indiyen ya faɗa. Na jawo bakinsa na duba. Siriri ne, ruwan ganye-ganye, laushi kamar zaren kitso. Raina bai kwanta ba. Na ce a zuciyata, wannan ne zan tsaya da shi gaban soja? In babbar tarwaɗa ta kama ya tsinke fa? Daga rumfa ma wa zai hango shi?

A gefe kuwa ga wani fari a rataye, kauri kamar tsinken tsintsiya, wanda ake aunawa da gaba. Na sa haƙori na gwada shi, haƙorin ne ya ji jiki. Na koma kan siririn, na ja shi da hannu biyu, bai tsinke ba, amma na ce ai don ban sa ƙarfi ba ne. Na ajiye, na ɗauki farin. Na ajiye farin, na fita na zaga layin masu tukwane, na dawo. Na sake fita na sha ruwa, na sake dawowa. Maganar Ba'indiye tana kunnena, amma ina ce wa kaina shi kifin ƙasarsu ya sani, bai san tarwaɗar Zazzau ba.

Na tambayi mai shagon, "Maigida, wanne ya fi?"

Ya ce, "Duk wanda ka ɗauka mai kyau ne."

Na ɗauki farin. Ba zan ɓoye ba, ya fi araha nesa ba kusa ba, amma ba wannan ne ya ja ni ba. Kaurinsa ne ya burge ni. Na ga ya fi kama da abin da babban ma'aikaci zai riƙe.

Da safe Rahila ta riƙe mini dunƙulen ina juya hannun injin. Zaren yana shiga yana ƙara, da na sassauta sai ya yi tsalle ya naɗe kamar wayar gado.

Ta ce, "Baban Ladi, anya haka yake yi? Ka fita bayan gida mana ka gwada ko sau ɗaya."

Na ce ba lokaci, kuma sabon abu ne, zai saki jiki in ya ji ruwa. Na ci gaba da naɗawa har ƙwarƙwaron ya cika ya yi tozo, don kada zare ya ƙare mini a tsakiyar dam. Na ɗaura dalma mai nauyi da ƙugiya mafi girma da na samu.

Bakin dam ya cika. An kafa rumfa, ga hakimai da manyan ma'aikata a kujeru, ga 'yan makaranta an jera su cikin rana, ga mata daga cocinmu da ankonsu, Rahila a cikinsu. A gefen rumfar an gina wani ɗan allo na siminti mai ɗauke da rubutun buɗewa, an lulluɓe shi da yadi kore da fari. Tsarin shi ne a zaga da Manjo ya ga nune-nune, ya yi jawabi, sannan ya yaye yadin da hannunsa. An kuma gaya wa makaɗa cewa da sun ga yadi ya bar allo su saki ganga.

Ni tun da na iso ban zauna ba. Na je bakin ruwa, na dawo, na duba ƙugiya, na sake komawa. Fitsari ma sai da na yi ta zuwa ba abin da ke fita. Manjon ya zo, dogo, baƙi, ba ya dariya, da wani kofur yana bin sa da bulala a hamata. Masu kiwon kaji suka nuna nasu, masu ɗinki suka nuna. Sai na ji lasifika ta kira sashenmu, har mai sanarwar ya ƙara da cewa ƙwararre ne da ya samu horo a hannun mutanen ƙasar waje.

Na fito na tsaya tsakanin allon da ruwa, don wurin ya fi fili. Na gyara tsayuwa. Na danna abin da ke sakin ƙwarƙwaro, na kai sandar baya iyakar ƙarfina. Na ji ta ɗan yi nauyi, na ce dalma ce. Na runtse ido na wurga.

Abin da na fara gani da na buɗe ido shi ne wani abu kore da fari ya bi ta saman kaina yana kaɗawa, ya je ya faɗa cikin taɓon bakin ruwa. Ƙugiyata ce ta kamo yadin allon. Kafin in gama fahimta, injin da ke hannuna ya yi wata ƙara. Babban yatsana yana can sama yana hutawa, ƙwarƙwaron kuwa bai san dalma ta tsaya ba, ya ci gaba da gudu. Zaren nan mai tauri ya yi ta bulbulowa yana hawa kan juna, har ya zama wani ƙaton curi kamar sheƙar tsuntsu, ya rufe injin, ya naɗe mini hannu har agogo.

Makaɗa kuma, bayin Allah, sun ga yadi ya bar allo. Suka saki ganga. 'Yan makaranta suka kama tafi, wata mata ta rangaɗa guɗa. Manjo yana zaune da takardar jawabinsa a hannu, bai karanta ko layi ɗaya ba, an riga an buɗe dam.

Kofur ya ɗaga hannu, ganga ta mutu. Na hango Malam Shehu ya cire hula yana kallon cikinta. Rahila ta ja ɗankwali ta rufe fuska. Ni kuwa ina lissafin tsallen kwaɗo daga nan har cikin gari, da yadda zan gaya wa babana a Likoro cewa na dawo noma.

Manjo ya taso a hankali ya zo har inda nake. Ya kama sandar ya juya ta, ni ma na juya tare da ita tunda a ɗaure muke. Ya murza zaren tsakanin yatsunsa.

"Inji mai kyau," in ji shi. "Na yi amfani da irinsa da muka je kwas. Wa ya sa maka wannan zaren?"

"Ni na zaɓa, Yallaɓai."

"Ba su da mai laushi?"

"Suna da shi, Yallaɓai."

"Ka gan shi?"

"Na riƙe shi ma, Yallaɓai."

Ya saki zaren. Sannan ya ce, "Zauna nan ka warware shi. Kada ka yanke."

Haka na zauna a ƙasa, a gaban rumfa, ina fuskantar manyan baƙi. Aka tsamo yadin aka ɗauraye, aka mayar da shi kan allo yana ɗiga. Aka yi addu'a ta Musulmi da ta Kirista, ina tsintar zare. Hakimi ya yi jawabi, ina tsinta. Duk madaukin da na zaro sai biyu su ƙulle. Gumi yana shiga mini ido ba hannun sharewa. Manjo ya yi nasa jawabin kan ɗa'a da yin aiki da ilimi, kuma na rantse duk inda ya ce ilimi sai ya dubi wajena. Ya yaye jiƙaƙƙen yadin, makaɗa suka tsaya suna kallon kofur sai da ya gyaɗa musu kai.

Da zai shiga mota ya biyo ta gabana. "An warware?"

"Saura kaɗan, Yallaɓai." (Ya fi yadda ya bar shi cukurkuɗewa.)

A nan ne na ga haƙoransa. Ya karɓi wuƙa a hannun kofur, ya yanke curin da kansa ya 'yanta mini hannu. Ya juya ga Malam Shehu ya ce, "Tunda bai ɗora wa mai shago laifi ba, ku bar shi da aikinsa. Amma ku kai shi inda ba ruwa."

Soja in ya yi wasa, umarni ne. Ba a kori kowa a sashenmu ba a wannan karon, ni kuwa aka tura ni wani ƙauye can cikin Saulawa, inda ko rijiya sai an yi tafiya. A can Rahila ta haihu. Malam Shehu ya yi kwanaki in na gaishe shi sai dai ya amsa da hannu, daga baya ya huce har ya zo suna. Abokan aiki kuma suka laƙaba mini Ƙaramin Manjo, wai ni na riga babban buɗe dam. Wasu har yau ba su san sunana na gaskiya ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. In wanda ya san abu ya ce maka siriri, ka sayi siririn, ko da idonka ya raina shi. In za ka ji kunya, ka fara jin ta a bayan gidanka, inda daga kai sai matarka da kaji. Kuma kafin ka wurga komai a gaban jama'a, ka waiwaya ka ga abin da ke bayanka.