Rasuwar Bahon Wankan Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yau ba su daina warin tinar wanke fenti ba, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa kwana a gidanmu ya yi wanka, rasuwar dattijonmu, Bahon Wanka na babban banɗaki. Ya cika ranar Talatar makon jiya da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, bayan jinyar kwana huɗu, yana da shekara talatin da ɗaya. A hannuna ya cika. Kuma don kada wani ya riga ni faɗa, hannun nawa ne ajalinsa.

Marigayin ya riga ni zuwa gidan nan. Baba ne ya ɗauko shi a bayan motarsa lokacin yana direban dogon zango, baho na ƙarfe da aka lulluɓe da farin tangaran, mai faɗin ƙirji, mai sanyin jiki ko da ana zafi. A cikinsa aka wanke Yaya tana jaririya, a cikinsa aka wanke ni. Ya jiƙa barguna da labulaye, ya zame mana rijiya a kwanakin da aka ɗauke ruwa. Ba mai yawan magana ba ne. Idan bokiti ya buge shi sai ya ce “gwam”, sau ɗaya, ba ya riƙo. Idan aka zare masa toshiya sai ya ja wani dogon “ƙurrr” ya rufe da “gwat”, kamar tsohon da ya gama nasiha. Tsufa ya bar masa alamu: tsakiyarsa ta goge har baƙin ƙarfe ya fito da kaushi, bakinsa na hagu ya ɓantare wajen faɗin yatsa biyu, ga zanen tsatsa da ya sauko daga ƙarƙashin famfo. Bai taɓa jin kunyarsu ba. Ni ne na ji masa.

Babban aikinsa a shekara ukun ƙarshe ya yi shi. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba, komai sai an yi masa: a saka masa maɓalli, a yanke masa farce, a riƙe shi ya sauka matattakala. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana juya babbar mota da hannu ɗaya. Abu guda ya rage masa da yake yi shi kaɗai, shi ne wanka. Yakan zauna a bakin bahon, ya ɗaga matacciyar ƙafar da hannunsa mai lafiya ya tsallakar da ita, sannan ya sauka ciki a hankali. Minti arba'in yake yi, ba mai tambayarsa ko yana buƙatar wani abu. Idan muka ji “ƙurrr… gwat”, Umma ta san lokacin haɗa shayi ya yi. Shi kuma sai ya fito yana ƙamshin sabulu, da fuskar mutumin da bai roƙi kowa komai ba.

Ba zan ɓoye musabbabin ciwon Marigayi ba. Akwai wata ma'aikaciyar asibiti da ke zuwa duk Laraba tana motsa wa Baba jiki, mu dai Sista muke ce mata. Ba zan tsawaita a kanta ba, wannan sanarwar rasuwa ce. Zan dai ce tun zuwanta na farko na daina gane abin da nake karantawa ranar Laraba. Wata rana ta shiga banɗaki wanke hannu, ta fito tana yarfe ruwa, ta ce, “Wannan bahon naku ya ga duniya.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Amma ni da ake kira Farfesa a gida saboda yawan littattafai, na karanta labaran soyayya da suka ishe ni sanin cewa mace ba ta jefa magana haka kawai. Kwana uku ina juya ta. Daga ƙarshe na yanke cewa abin da take nufi shi ne, wai gidan nan babu namijin da zai gyara?

Sai ga dama ta zo. Baba da Umma suka tafi gidan Yaya ranar Alhamis, za a duba shi a asibitin da ke kusa da ita, sai Talata za su dawo. Na garzaya shagon fenti. Mai shagon ya ba ni gwangwani biyu, babba da ƙarami, ya ce sunansa efoksi, ana haɗa su ne a shafa, su bushe su zama kamar gilashi. Ya rantse mini cewa ko ƙuda ne ya sauka a kai sai ya zame. Na ji wannan magana na yi murna. Allah Ya shirye ni.

Ina so masu ta'aziyya su sani ban yi wa Marigayi aikin ganin ido ba. Na wanke shi da ruwan jarka har sau uku, don makon nan an ɗauke mana ruwa. Na kankare tsohon danƙon da ke gefensa. Na bi shi da sanfefa, takardar gugar nan mai kaushi, tun safe har la'asar, ina durƙushe, har na daina jin gwiwoyina nawa ne. Na cike ɓantarar bakinsa, na goge ta ta yi sumul. Na share ƙura, na liƙa salatif a jikin tayil, na haɗa gwangwanayen ina juyawa ina kallon agogo. Ranar Juma'a na shafa da rola, shafi biyu marasa kauri, yadda takarda ta ce. Da na gama na tsaya a bakin ƙofa, idona na yaji saboda wari, ina kallon wani fari da ban taɓa ganin irinsa ba. Na hango Sista tana tsaye inda nake tsaye, ta dafa ƙirji.

Takardar da ke cikin kwalin sau uku na karanta ta, kamar wasiƙar masoyiya. Layi na bakwai ya ce a tabbatar famfo ba ya ɗiga, in kuwa yana ɗiga a ɗaure bakinsa da leda, domin ruwa bai kamata ya taɓa fentin ba sai bayan kwana uku. Na kalli famfonmu, bakinsa a bushe ƙamas. Na ce wannan layi ba da mu yake ba. Abin da na manta, abin da duk gidanmu muka manta, shi ne famfon nan shekara goma sha ɗaya yana ɗiga, amma sai tankin sama ya cika.

Ranar Asabar da rana aka kawo ruwa. A gidanmu doka ce da Umma ta kafa tun muna yara: duk wanda ya ji ruwa ya dawo, ko me yake yi, ya tashi ya buɗe wa tanki. Na tashi da gudu na buɗe, ina jin kaina ɗa nagari. Ƙofar banɗaki kuwa tana rufe, a jikinta ga takardar da na rubuta da hannuna: KADA A SHIGA SAI LITININ. Ni kaɗai ne a gidan. Na yi wa kaina biyayya.

Kuma na ji shi, jama'a. “Ɗis… ɗis…” kwana biyu cur. Na ji shi yadda mutum ke jin numfashinsa, wato ban ji ba. Ranar Lahadi ma da shi na yi barcin rana, littafi a ƙirjina, ina cewa a raina gida daɗi.

Litinin da na buɗe ƙofa, na tarar ruwan ya haƙa hanya tun daga ƙarƙashin famfo har magudana. Fentin ya tattare kamar fatar madarar da ta huce, ya yi ƙuraje, wani wuri ya yi rawaya, wani wuri yana kama yatsa. Mai hankali a nan zai tsaya ya kira wanda ya sani. Ni sauran gwangwanin na haɗa na ƙara masa a kan danshi, ciwo ya hau kan ciwo. Talata da safe, saura awoyi su Baba su iso, na shiga da tina da wuƙar kankare fenti. Ina kankara ina ba shi haƙuri, yana ɓarewa kamar ɓawon dankali. Da na zo kusa da magudana na danna wuƙar da ƙarfi. Ya ce “ƙwas”, a hankali, ba irin muryarsa ba. Wuƙar ta shige har ƙota. Maganarsa ta ƙarshe ke nan.

Mai gyaran famfo ne ya tabbatar da rasuwar. Ya durƙusa ya zura yatsa a ramin, ya shinshina, ya ce, “Injiniya, ai tsatsa ta gama da shi ta ƙasa tuntuni. Tangaran ne da sabo suka riƙe shi. Da ka ƙyale shi, da ya ƙara shekara biyar yana lallaɓawa.” Na tambaye shi ko walda za ta yi, ya ce walda sai da abin kamawa, nan kuwa ko ina ya taɓa gari ne.

Da su Baba suka iso, ya dogara sandarsa har bakin banɗaki, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya ɗakinsa. Umma ta dube ni daga sama har ƙasa, farin fenti har a girata, ta ce, “Farfesa, wa ya aike ka?” Yaya kuwa ta waya ta yi tata ta'aziyyar, tana tambaya ko littafin da na karanta aka yage masa shafin ƙarshe.

Laraba Sista ta zo. Ban ga ta dafa ƙirji ba. Ta bi bakin bahon da yatsa har inda na cike, ta tambaye ni ina ɓantarar da ke nan. Na ce na gyara ta. Sai ta nuna mini abin da na yi shekara uku a gidan ban sani ba: a wannan gurbin Baba ke saƙala yatsunsa biyu idan zai sauka, a kan baƙin kaushin tsakiya kuma yake kafa dunduniyarsa idan zai tashi. Ta ce, “Da fentin nan ya yi kyau, ranar farko zai faɗi. Ka je ka gode wa famfonku.” Na yi ƙarfin hali na tuna mata maganarta, cewa bahon ya ga duniya. Ta ɗan yi tunani kafin ta tuna. Ta ce ai yabonsa ta yi.

Marigayin ya rasu ya bar bokiti biyu, da moɗa, da soso, da toshiyar roba da sarƙarta, waɗanda yanzu ba su san inda za su sa kansu ba. Ya bar famfo, abokin zamansa, wanda har yanzu yake zubar da hawaye, yanzu kuwa kowa na ji. Ya bar rabin rola da ta sandare. Ya bar Umma, ya bar ni. Ya bar Baba.

Kwana huɗu Baba bai yi wanka ba. Umma ba za ta iya tallafarsa ba, bayanta ya daɗe da ƙi, ni kuwa ko inda nake ba ya kallo. A ɗaki yake goge jikinsa da jiƙaƙƙen tawul, da hannu ɗaya. In an yi magana ya ce sanyi yake ji, alhali gumi na bin wuyansa. Ranar Lahadi da hantsi Umma ta ce in ɗora ruwa, in kai kujerar roba ƙaramin banɗakin waje. Na ɗauka ita za ta shiga da shi. Ta miƙo mini soso ta koma kicin.

Baba ya zauna da gajeren wando, fuskarsa a bango. Ban taɓa ganin bayan Baba ba. Na san muryarsa, na san tarinsa, na san takunsa tun kafin ya zama uku, amma ban san kafaɗarsa ta dama ta zube haka ba, kamar rigar da aka rataye a ƙusa. Na fara shafa masa soso a hankali, ina tsoron ƙashi, ina tsoron fata, ina jan majina. Can, bai juyo ba, ya ce, “Kai, cuɗa da ƙarfi. Ni ba fentinka ba ne, ba zan ɓare ba.”

Na cuɗa. Da na gama tsane shi, ya ce gobe in rage zafin ruwan. Ban sani ba ko yafiya ce wannan. Na dai ji akwai gobe a ciki.

Mai famfo ya ce zai gina dakali a gurbin Marigayi, ya kafa ƙarfen riƙewa a bango. Sista ta ce wataƙila jikin Baba ya koyi sabon wurin, wataƙila kuma ba zai koya ba. Har yanzu tana zuwa duk Laraba, ni kuma na koma gane abin da nake karantawa. Baba ya ce a gina, amma kada kowa ya sa rai, direba ba ya koyon sabuwar hanya da ƙafa ɗaya.

Za a fitar da Marigayi ranar Asabar mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Mai famfo zai kwance bututu, 'yan gwangwan za su zo da kura su raka shi makwancinsa. Ana neman ƙarti uku masu lafiyar baya, da wanda ya iya cire ƙyaure. Baba ya ce a fitar masa da kujera bakin ƙofa, zai yi rakiya daga zaune. Iyalai suna roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya zo da labarin wani fenti da ya fi wancan, mun gode, mun ƙoshi. Za a ɗaga gawa ƙarfe goma na safe. Don Allah kada a riga lokaci, domin daga takwas zuwa tara da rabi ina yi wa Baba wanka, kuma har yanzu daga ni har shi ba wanda ya iya.