Shekarar da Na Ɓoye Katin Gem Maimakon Wake

Duk kaka nakan sayi wake a kasuwar Muda Lawal in ɓoye sai ya yi tsada. A shekarar da nake magana kuwa sai na ga ai na wuce wannan ƙauyancin. Wani mai shagon kwamfuta a Gwallameji, Emeka, ya nuna mini katin da 'yan wasan gem ke sa wa kwamfuta don hoto ya fito tar. Ya ce masu haƙar kuɗin intanet, wato masu samar da kuɗin kirifto da irin wannan katin, sun wawashe shi a duniya, kullum farashinsa sama yake yi.

Kayan da ƙwari ba sa ci, ba ruwansa da buhu! Na kwashe kuɗin waken kaf na sayi uku, na kulle a durowa. Da Emeka ya ce, "Oga, wannan ba a ajiye shi fa," sai na yi masa kallon yaro. Ni za a koya wa ajiya?

Matata ta tambaya, "Malam, wannan da me ake cin sa?" Har lacca na yi mata.

Ashe masu haƙar za su daina, su zubo nasu kasuwa, kamfani kuma ya fito da sabo. Da na mayar da nawa, Emeka ya jujjuya ɗaya ya ce tsohon yayi ne. Tsoho? Ko ledarsa ban ɓare ba! Wake kuwa a shekarar sai da ya gagari mutane.

Abin da ke ƙona mini rai, har yau in ta dafa garau-garau, sai ta dire kwano a gabana ta ce, "Wannan na awo ne, Malam. Ko in ɗauko naka a durowa in jiƙa?"