Yadda Ake Neman Aure da Sana'ar Auna Baƙin Rami

Kai da ka yi shekaru a ƙasar waje kana auna saurin juyawar baƙin rami, ga hutu ya zo, ga yarinya kana so, kwantar da hankalinka. Matakan nan ba su taɓa faɗuwa ba. Mutum ɗaya ya gwada su, Abdussamad ɗan Bakori, da kakar 1988, kuma ya dace.

Mataki na 1: Ka san gidan da za ka shiga

Abdussamad Adunni yake so, haifaffiyar Funtua, malamar firamare, 'yar Alhaji Adebayo mai injinan niƙa uku. Alhajin ya riga ya sallami manema biyu saboda cika baki. Adunni ta gargaɗi Abdussamad: "Baba zai tambayi sana'arka. Don Allah ka gajarta."

Mataki na 2: Kada ka gajarta

Ya durƙusa ya gaida Alhaji, aka ce me yake yi. Ya ce akwai tauraro mai nauyi da idan ya mutu yakan dunƙule har haske ma ba ya iya fita daga cikinsa, shi ne baƙin rami. Juyawa yake yi, shi kuma saurin yake so ya sani.

"To tunda ba a ganinsa, da me kake aunawa?"

"Da hasken eksire, Baba."

Masana sun tabbatar cewa suruki kalma ɗaya yake ji a cikin ɗari. Alhaji eksire ya ji.

Mataki na 3: Idan aka miƙo maka ambulan, ka daure

Alhaji ya shiga ɗaki ya fito da hoton eksire na ƙirjinsa a cikin ambulan. Wata huɗu yana tari, an ɗauki hoton a asibiti, ya ƙi komawa jin sakamako.

"Ashe likita ne! Duba min ka ce ba komai, mu wuce maganar aure."

Abdussamad ya ɗaga hoton sama. Haƙarƙari kawai ya gane. Kalma biyu ce, "ba komai", tsakaninsa da auren Adunni, ga ta kuma a bayan labule.

"Baba, ni ba likita ba ne. Ban san abin da ke nan ba."

Fuskar Alhaji ta sauya. "To me ka sani?"

Mataki na 4: Nemi inji mafi kusa

A ƙofar gida ɗaya daga cikin injinan yana ta niƙa masara. Abdussamad ya nuna shi. Ya ce iskar gas takan kewaya ramin kafin ta faɗa, ta yi zafi har ta fitar da hasken eksire, taurarin ɗan'adam kuma su kamo shi. Idan ramin yana juyawa da sauri, iskar takan matso kusa sosai, zafin ya ƙaru.

Alhaji ya gyara zama. "Wato kamar yadda nake damƙar gari, in na ji zafinsa na san inji ya yi gudu da yawa?"

"Haka, Baba."

"Madalla. Naka ramin nawa yake gudu?"

"Ba mu gano ba tukuna."

"Shekara nawa?"

"Shida."

Alhaji ya yi dariya har tarin ya turnuƙe shi, ya kasa tsayawa.

Mataki na 5: Ari mota

Abdussamad bai jira izini ba. Ya aro akori-kurar ƙaninsa, ya ce shi bai iya karanta hoton ba, amma ya san hanyar wurin wanda ya iya. Alhaji ya yi ta mita har asibitin Malumfashi. Likita ya ce ƙurar gari ce ta yi wa huhun illa, da an ƙara jinkiri da abin ya ɓaci. Ya rubuta magani, ya hana shi tsayuwa bakin inji.

A hanyar dawowa Alhaji ya ce, "Kai, ka turo manyanka ranar Lahadi. Amma in sun tambaye ni aikinka, zan ce kana koyarwa."

An ɗaura aure bayan an gama cirar auduga.

Gargaɗi

Idan ka bi matakan nan aka rako ka da sanda, kada ka nemi gidana. Ni labarin kawai aka ba ni a wurin ɗaurin auren, kuma har yau gwauro ne ni.