Jirgin Baba Illo a Cikin Laftof

Wani ne can wajen Warra, a wani ƙauye na bakin tafkin Kainji, sana'arsa ɗaukar bidiyo. Biki ne, suna ne, ko saniya ce ta haifi tagwaye, in dai an kira shi zai zo da kyamara a kafaɗa. Duk garin shi kaɗai ne bai iya tuƙa jirgi ba, shi ya sa ma ya kama wannan sana'ar. Sai kuma Allah ya kai shi aure gidan masu ruwa. Matarsa Tabawa ɗiyar Baba Illo ce, tsohon masuncin da duk gaɓar nan aka sani da tseren jirgi.

To, a shekarar da abin ya faru an yi tsere a Yauri. Baba Illo na zaune a bayan jirginsa yana saita shi, samari na tuƙi. Tun tashi shi ke gaba. Har an fara hango tutar ƙarshe, sai jirgin Mainasara, abokin hamayyarsa tun suna samari, ya ɓullo ta gefe ya wuce shi sumul. Mutuminku na tsaye a gaɓa, ya ɗauki komai.

Da aka dawo gida ya kunna wa surukin nasa a tsohuwar kwamfutarsa, wadda sai an mare ta a gefe take tashi. Hoto na tafiya yana tsayawa kamar mai ɗingishi. Baba Illo ya kalla har ƙarshe, ya ce a maimaita. Aka maimaita. Mainasara ya sake wucewa. Tsoho ya ɗaure fuska, ya ce shi dai ya san irin gudun da ya yi bisa ruwa, kuma ba wannan ba ne. Injin ne ba ya ja, shi ya riƙe masa jirgi har wancan ya cim masa.

Lokacin kuwa Tabawa na gidan iyayenta, ta gama wankan jego, an ɗaure kaya ana shirin mayar da ita ɗakinta. Baba Illo ya ce a kwance kayan.

"Ɗiyata ba ta komawa gidan da anka ci ni tsere. Ran da ka kawo hoton gaskiya, ka zo ka ɗauke ta."

Da wani ne, dattawa zai nemo su ba da baki. Shi kuwa mutuminku sai ya zauna ya yi nazari, ya ga lallai tsoho na da hujja. Ai shi ma ya lura, duk sanda hoton ya tsaya, samarin Baba na nan da filafilansu a sama, ba sa motsi. To wa ya san abin da Mainasara ke yi a wannan tsakanin?

Ya sayar da babur ɗinsa, ya hau jirgin Yauri, ya zarce shagon wani Cindo mai sayar da kwamfutoci a Yelwa. Ya ce a ba shi wadda ta fi kowacce gudu. Cindo ya zaro sabuwar laftof dal daga kwali, baƙa wuluk, da jajayen fitilu a ƙarƙashin madannanta. Ya ce wannan ta 'yan gyam ce, masu wasannin kwamfuta, katin hoton da ke cikinta, wanda suke kira girafik, babu irinsa daga nan har Kontagora.

Mutuminku ya biya, ya ce bari ya gwada tun a nan. Ya saka bidiyon. Hoto ya fito tar, ruwa na ƙyalli, har gumin goshin matuƙa ana gani. Mainasara ya zo ya wuce. Wannan karon har haƙoransa ana gani, yana dariya.

"Malam Cindo, wagga ma ba ta ja. Ga shi ya sake wucewa."

Cindo bai san wa ya wuce wa ba. Ya ɗauka hoton ne mutumin ke ganin yana masa nauyi. Sai ya ce akwai dabara, ana ce mata obakulok. A cikin katin hoton akwai wani abu mai bugawa kamar agogo, shi ke ba shi gudu. In aka matsa wa agogon nan ya ƙara sauri, katin zai ƙara ja. Ya saka masa manhajar, ya nuna masa wani ɗan maɓalli da ake ja zuwa dama, ya ce kaɗan-kaɗan ake ja, in ya yi yawa za ta ɗau zafi. Mutuminku na ta gyaɗa kai, amma idonsa na kan jajayen fitilu. Duk bayanin nan kalma ɗaya ta shiga kunnensa, agogo.

Yana isa gida ya buɗe ta, ya duba, sai ga agogo ɗan ƙarami a ƙasan fuskarta. Ya ce ga ɓarawon. Ya tura shi gaba, ya kunna tsere. Mainasara ya wuce. Ya ƙara turawa. Mainasara ya wuce. Ya yi ta turawa har laftof ta ce la'asar ta yi, alhali mutane ba su gama shan koko ba. Da awoyi suka ƙare ya koma kan kwanaki, daga nan ya faɗa watanni.

Kuma tunda na'ura sabuwa ce, rana kuwa tsohuwa, sai ya fi yarda da na'ura. Ya fita da hantsi yana yi wa mutane barka da yamma. Ya ci ado ya tafi kasuwar Warra ranar da laftof ta ce kasuwa ce, ya tarar da rumfuna wayam, sai awaki kwance kan teburan mahauta. Ya dawo yana cewa mutanen Warra sun ci baya. Har ya aika gidan surukai a tambayo masa ko an yaye yaro, don a lissafinsa ya isa fara tafiya. Tabawa ta aiko a ce masa yaron ko wuya bai tsayar ba.

Mainasara dai, ko a wace shekara aka kunna shi, sai ya wuce.

Da abin ya ishe shi ya buga wa Cindo waya ya kwashe labari ya faɗa masa. Cindo ya yi dariya har wayar ta faɗi. Da ya ɗauko ta ya ce ba wannan agogon ba, ya tuna masa da ɗan maɓallin nan na cikin manhaja, ya sake jaddada masa cewa kaɗan-kaɗan.

Mutuminku ya kashe waya ya ce ai kaɗan-kaɗan ɗin nan shi ya ja wa Baba. Ya kama maɓalli ya ja shi har bango. Ya ga wani a ƙasansa, shi ma ya kai shi bango. Duk wani abu mai jawuwa a manhajar sai da ya ƙure shi. Wani jan rubutu na Turanci ya fito da alamar motsin rai, ya ce ka ga har ta fara yi mini kirari, ya danna eh.

Fankar da ke cikin laftof ta ɗauka. Da fari kamar sauro, can kamar injin niƙa, can kuma kamar jirgin Yauri ya cika zai tashi. Ba a jima ba sai ga wasu mata biyu a ƙofar zaure da buhunan albasa a ka, suna tambaya ko da sauran wuri. Wata iska mai zafi ta riƙa fita ta gefenta, har kyanwar gidan ta yi ƙaura. Innarsa, wadda da farko ko ɗakin ba ta shiga don tsoron jajayen fitilu, ta miƙa hannu ta ji iskar, ta fita. Sai ga ta da tarwaɗa jere a kan waya, ta kafa a bakin iskar. Ta ce wannan ta fi murhun banda, ba hayaƙi a ido. Ta roƙe shi ya ƙara kallon tseren nan ko sau ɗaya, ɓari guda bai gama bushewa ba.

Ya kunna. Baba Illo na gaba. Ga tuta. Ga Mainasara ya ɓullo ta gefe. Yana kawowa daidai bayan jirgin Baba, sai jirginsa ya tarwatse ya zama ƙananan murabba'ai, kore da shuɗi, kansa ya yi gabas, hularsa ta yi yamma, fuskar laftof ta yi baƙi ƙirin.

Mutuminku ya daka tsalle har ya ture kifin Inna. Ya jira ta huce, ya sake kunnawa. Wannan karon tun Mainasara bai matso ba ya wargaje. Nan take ya aika wa surukinsa cewa gaskiya ta fito.

Baba Illo ya ce shi ba a ɗaka aka kunyata shi ba, don haka ba a ɗaka za a wanke shi ba. A bakin ruwa za a nuna, gaban kowa, kuma a kira Mainasara. Aka aika har garinsu, Shanga. Mainasara ya zo cikin jirginsa da mutanensa, yana cewa shi dai ragon da aka ba shi na tseren tuni an cinye, har fatar an yi buzu, amma zai so ya ga yadda za a ƙwace shi.

Bayan azahar gari ya taru. Aka ɗaure jirgin Baba Illo a inda gaɓa ta yi tudu, ruwa kuma ya yi zurfi, don na sama su hango. Aka ɗora laftof a goshin jirgin. Baba Illo ya zauna a tsakiya da babbar riga, Mainasara a jirginsa gefe guda, Tabawa na cikin mata a gaɓa da goyo. Sai dai rana ta ƙwalle, ba a ganin komai a fuskar sai inuwar mutum. Wani ya kawo bargo. Mutuminku ya naɗe ta da shi tsaf, baya da gefe da ƙasa, kamar jaririn da aka yi wa wanka, ya bar fuskar kawai. Kukan fanka ya koma gurnani.

Ya danna.

Tsere ya tashi. Ruwan tafki ya fito ja kamar manja. Baba Illo ya fito kore shar, da kai biyu, ɗaya na kallon gaba ɗaya na kallon baya. Wata tsohuwa ta fara salati, ta ce dama ta daɗe tana zargi. Mutuminku ya ce a kwantar da hankali, gudu ne ya yi yawa, kan farko bai gama tashi ba na biyu ya iso. Baba Illo ya gyaɗa kai, ya ce haka ne, ranar shi ma ya ji hakan a wuyansa.

Samari suka fara ihu suna kiran sunan Illo kamar yanzu ake tseren. Tsoho ya miƙe tsaye a cikin jirgi yana yi wa hoton tsawa su ƙara hannu. Mainasara da ya zo dariya, sai ga shi ya leƙo yana neman kansa a baya, yana cewa yaransa su matsa mana. Ga tuta ta bayyana. Ga hancin jirgin Mainasara ya leƙo ta gefe.

Sai hoto ya tsaya cak. Baba Illo a gaba, kore, baki buɗe.

Sai wani wari, kamar an jefa takalmin roba a wuta. Sai hayaƙi siriri ya fara fita ta ƙarƙashin bargo. Mutuminku ya fizge bargon, ya hura da baki, ya yi fifita da hularsa, hayaƙi ya ƙaru. Nan wani Surajo, direban jirgin inji, ya ɗaga murya daga gaɓa ya ce kowane inji da ruwa yake shan iska, nasu ma gindinsa a ruwa yake wuni, shi ya sa ba ya ƙonewa. A tsoma gindinta kawai.

Mutuminku ya ga magana ce ta masu sana'a. Ya sungume ta da hannu biyu, ya sunkuya ta gefen jirgi, ya nufi ruwa da gindinta. Ashe ƙasanta ya yi zafin tandar waina. Yatsunsa suka saki da kansu.

Ta faɗa, ruwa ya yi cuuu. Ta ɗan yi jim a sama, sannan ta karkata ta gefen da hoton Baba yake, ta fara sauka a hankali, fuskarta na nan kunne. Gari duka ya leƙo. Ana ganin koren haske na tafiya ƙasa, yana ƙanƙancewa, har ya ɓace. 'Yan kumfa suka taso, suka fashe.

Mutuminku na durƙushe da yatsu a baki. Iyo kuwa bai iya ba, balle ya bi ta. A gaɓa Tabawa ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa don dariya, har goyon ya farka.

Baba Illo ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya juyo.

"Tun kahin a datse kogin ga nike bisa ruwa, ban taɓa nutsewa ba, sai yau da ka sa ni cikin kwamfuta. Kwashi matarka ku tahi. Kuma kada ka sake ɗaukata hoto."

Da mutuminku ya ji an ba shi mata sai ƙarfinsa ya dawo. Ya cire yatsu daga baki, ya ga ya kamata ya ɗan sanyaya wa tsoho rai.

"Amma Baba, kowa ya gani, har ta nutse kai ke gaba."

Mainasara ya gyara hula, ya ce, "Wanga kam ni shaida ne. Shi ya riga mu kaiwa ƙasa."