Injin da Ke Jin Maganar Tanimu

Wani mutum ne muke da shi a bakin tashar Funtuwa, sunansa Tanimu, amma in ka kira shi Tanimu gatsau ba zai waiwayo ba sai ka ce Injiniya. Wata shida ya taɓa yi a wani kamfanin kujeru a Legas, kuma har yau ba mu gama jin labarin wata shidan nan ba. Aikin da ya yi a can Allah kaɗai ya sani. Shi dai ya ce babu injin da bai sarrafa ba. Wai akwai wani ƙato da in ya ƙi tashi sai an aika mota ta ɗauko shi daga gida, yana shiga ya yi gyaran murya, inji ya kama aiki. Mu kuwa sai mu ce ikon Allah, mu ci gaba da cin tuwonmu, don mai gardama da Tanimu miyarsa ce za ta huce.

Aure uku ya yi, duk sun mutu, kuma a bakinsa babu wanda ya mutu ta dalilinsa. Ta fari ba ta zama wuri ɗaya. Ta biyu raguwa ce. Ta uku kuwa masifa, ya ce da ya ƙara wata guda da ita da sai dai mu ji labarinsa.

To sai idonsa ya faɗa kan Lantana mai tuwo, wadda a rumfarta muke haɗuwa rana da dare. Bazawara ce mai kamun kai, ba ta da yawan magana, amma in ta dube ka sau ɗaya ta gama karanta ka. Tanimu ya bi ya tare a rumfar. Ya ci na rana, ya ci na dare, yana ta kewaye-kewaye ya kasa fitowa fili.

Lantana tana da wani dogon tebur na katako da ta gada wurin uwarta. Shekara da shekaru yana shan miya da manja da man shanu har ya yi baƙi ƙirin, gefensa duk ya tattashi. Wata Talata sartse ya kama wandon wani direba ya farke shi har gwiwa. Lantana ta ba shi haƙuri, ta ce gobe za ta kira kafinta ya goge teburin.

Tanimu ya ture kwano.

"Kafinta? Ina zaune? Haba Lantana, wannan ai cin fuska ne. Ki ba ni zuwa Juma'a. In ba ki ga fuskarki a teburin nan kamar madubi ba, ki daina sa mini nama." Sai ya sassauta murya. "Sannan akwai wata 'yar magana da nake so mu yi."

"Gama teburin tukuna, Injiniya," in ji ta. "Maganar ba za ta gudu ba."

Duk wanda ke bencin nan ya gane. Tebur ya zama sadaki.

Cindo kafinta yana da injin goge katako irin na hannu, mai tayoyi biyu da ake zura musu bel na sanfefa, kana kunnawa bel ya riƙa zagayawa yana cin katako. Bel ɗinsa ya tsinke, shi kuma zai tafi ƙauye gaisuwar mutuwa. Da ƙyar ya ba Tanimu aro. Ya haɗa masa da tsinkakken bel ɗin, ya ce ya je da shi kasuwa a ba shi mai tsawonsa daidai. Cindo na ba da baya Tanimu ya wurga shi bola. Ya ce 'yan koyo ne ke yawo da samfuri, shi ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ya dai ɗan auna injin da taƙi, sama-sama, kamar mai tayin rago.

Ni na raka shi kasuwa, don irin wannan ba na so a ba ni labari. Mai shago ya tambaye shi tsawon da yake so. Tanimu ya ware hannu ya ce kamar haka. Mai shago ya buɗe baki zai yi magana, Tanimu ya ɗaga masa hannu, ya ce tun mai shagon yana ɗan firamare shi yake wannan harka. Ya zaɓi wanda ya fi cika masa ido, muka dawo.

Laraba da rana, rumfa cike, ya jona waya a soket ɗin da ke bayan fanka. Ya zura bel. Ko ni da ban san komai ba na ga bel ɗin yana reto kamar wandon aro. Ya ɗaga injin sama don kowa ya gani, ya danna. Guurrr! Bel ya yi rawa, ya zame, ya diro ƙasa, ya gangara kamar garen yara, bai tsaya ko'ina ba sai cikin tukunyar miyar kuka. Tsundum.

Kowa ya zuba wa tukunyar ido. Lantana ta sa ludayi ta tsamo shi yana yauƙi, ta miƙa masa.

"Jabu ne," in ji Tanimu. "Bel ɗin yanzu ba sa zama wuri ɗaya."

Ran nan gaya muka ci tuwo, babu miya, amma wallahi babu wanda ya yi ƙorafi.

Alhamis da safe na hango shi yana tona bola da sanda, yana waige-waige. Ban nuna na gan shi ba. Da muka isa kasuwa sai ga aljihunsa ya yi tudu, ya zaro tsinkakken bel ɗin Cindo ya ajiye a kanta, wai a hanya ya tsince shi. Tsawo dai ya samu. Saura lamba, don kowane bel akwai lambar da aka buga a bayansa. Mai shago ya ce wace lamba? Tanimu ya ce a ba shi wadda ta fi kowacce girma, shi ba ya harka da ƙananan abubuwa. Ashe lambar nan a juye take. Ƙarama ita ce mai kaushi da ke cin katako, babba kuwa ta gamawa ce, lallausa kamar kumatun jariri. Da ya tambaya da an gaya masa, amma girman kai rawanin tsiya.

Wannan karon bel ya zauna daram. Tanimu ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora inji a tebur. Ya goga, ya goga, ya goga. Ƙura ba ta tashi ba, sai ƙauri. Man da teburin nan ya sha tun zamanin uwar Lantana ya ji zafi ya narke, ya liƙe bel ɗin kaf, har ya koma baƙi sumul yana sheƙi. Rumfa ta ɗauki ƙamshin tsohuwar miya. Wani dattijo a cikinmu ya ce shi dai ya ji ƙamshin wata taushe da ya sha a wurin nan yana saurayi.

Tanimu bai karaya ba. Ya ce a Legas wanke su suke yi. Ya cire bel, ya roƙi ruwan zafi, ya dirje shi da sabulu da soso, ya shanya a gefen murhu. Bai san mahaɗar bel da gam aka riƙe ta ba, gam kuwa ba ya shiri da ruwan zafi. Ya mayar, ya kunna. Bai yi zagaye goma ba sai fat! Bel ya rabu biyu, jelar ta tsula masa a bayan hannu, ta tuntsurar da hularsa ƙarƙashin benci.

Ya tsotsi hannu, ya kalli bel ɗin da takaici.

"Raggo ne. Bai san wahala ba."

Lantana tana tuƙa tuwo, ba ta ko ɗago ba. Cewa kawai ta yi gobe Juma'a.

Gaskiya a nan na ɗan ji tausayinsa, don na ga son matar nan yake yi da gaske. Na ja shi gefe na ce ya jira Cindo ya dawo, babu abin kunya a ciki. Ya ce in Cindo ya goge teburin, to Cindo za a aura? Na ƙyale shi. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Juma'a tun da hantsi ya koma kasuwa shi kaɗai, ya ce wa mai shago ya ba shi wanda ya fi kowanne mugunta. Aka ba shi wani bel kamar an barbaɗa masa tsakuwa. Bai zo rumfa ba sai da aka sauko daga masallaci, lokacin da ko wurin tsayawa babu. Sai ga shi cikin farar shadda sabuwa fil, babbar riga har ƙasa, aiki ya cika ƙirji, turare na tashi. Rigar neman aure ce, kowa ya sani. Muka ce ya tuɓe ta mana kafin ya fara. Ya ce leburori ke tuɓe riga, babban injiniya da rigarsa yake aiki.

Ya naɗe hannuwan rigar a kafaɗa, ya yi bismilla, ya danna.

Jama'a, wannan bel ɗin ba wasa ya zo yi ba. Yana taɓa tebur inji ya fizgi Tanimu gaba kamar ɗan maraƙin da ya ga uwarsa. Ƙura ta turnuƙe, masu cin tuwo suka rufe kwanoni da hannu. Don ya nuna mana ƙwarewa sai ya danna wani ɗan maɓalli a gefe, wanda ke riƙe makunnin, ya ɗaga yatsa sama yana kaɗawa, wai ku duba, ba hannu. To kullewa ya iya, buɗewa ce bai sani ba. Inji ya ja shi zuwa wancan ƙarshen tebur, ya jawo shi da ƙyar, ya danne shi wuri ɗaya da duk ƙarfinsa don kada ya gudu. Bel kuwa ya samu abin da yake so, ya shiga haƙa rami a tsakiyar teburin gado. Gumi ya wanke wa Tanimu fuska. Yana laluben maɓalli, idanu sun firfito.

"Kai! Tsaya!"

Ɗif. Inji ya tsaya.

Mu da ke zaune mun ga fanka ita ma ta tsaya, mun ji injin askin maƙwabci ya yi shiru. An ɗauke wuta ne. Lantana ma ta ɗaga ido ta dubi fankar, ta sauke. Amma Tanimu bayansa ya ba fanka. Ya tsaya yana haki, ya dubi inji, ya dubi hannunsa, sai na ga fuskarsa tana washewa a hankali. Ƙaryar da ya shekara yana yi yau ta zama gaskiya a gaban shaidu.

"Kun gani ko? Gani ya kori ji. Haka nake musu a Legas. Magana ɗaya."

Muka ce ikon Allah. Babu wanda ya gaya masa wuta aka ɗauke, kuma Allah ya yafe mana, da gangan muka yi.

Ya ɗauki injin, ya zauna a benci daidai inda Lantana take, ya ɗora shi a cinya kan shaddar nan, yana shafa shi kamar kyanwa. Ramin da ke tebur kuwa ya ce da saninsa ya yi, wurin zuba gishiri ne, haka ake yayi a manyan otal. Sannan ya gyara hula, ya yi ƙasa da murya.

"Lantana, kin dai gani da idonki. Mutumin da ƙarfe ke jin maganarsa, ai riƙon gida ba zai gagare shi ba. Maganar da nake so mu yi ita ce..."

Fanka ta motsa.

Guurrr! Kafin ya ce me, bel ya cafki shadda. Kyaarrr! Ya haɗiye gaban rigar, ya bi aikin yana nannaɗewa, yana hawa. Tanimu ya miƙe zumbur, inji na rataye a jikinsa yana gurnani. Ya yi dama, ya yi hagu, ya taka kwanon wani, ya yi rawar da ko a gidan biki ban taɓa gani ba. Sai da inji ya ƙoshi da yadi ya shaƙe a ƙirjinsa, yana kuka yana hayaƙi, wuyan riga ya ja kan Tanimu ƙasa kamar mai gaida surukai.

"A kashe! A cire waya! Jama'a ku taimaka!"

Babu mai iya tashi, kowa ya riƙe ciki don dariya. Lantana ta ajiye mara a nutse.

"Ka yi masa magana mana, Injiniya."

"Tsaya! Tsaya don Allah!"

Inji ko a jikinsa. Sai da ta ga abin zai wuce wasa ta miƙa hannu ta zare wayar daga soket.

Da almakashin mai aski aka yanko shi daga cikin rigar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai ga Injiniya tsaye a tsakiyar jama'ar Juma'a daga shi sai wata tsohuwar singileti mai tagogi uku. Ko ƙwarzane bai samu ba, shadda ce ta fanshe shi. Ya dubi tsummokaran da ke cushe a bakin inji, amma halin dai bai bar shi ba.

"Wannan bel ɗin," ya ce, "masifa gare shi."

Lantana ta shafa ramin da ke teburin uwarta, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗauko tsumman goge hannu ta miƙa wa Tanimu ya yafa.

"Ka ce akwai magana, bari in hutar da kai. Na fari ka ce ba ya zama wuri ɗaya. Na biyu ka ce raggo ne. Na uku ga shi ka ce masifa. Haka ka ba mu labarin matanka, ɗaya bayan ɗaya. Ni dai ban san bayin Allahn nan ba, Injiniya, amma yau na ga hannun da ya riƙe su."