Yadda Ake Ceton Furen Kwazazzabo Daga Katafila

Duk wanda ya bi matakan nan, na rantse da furfurata, furensa ba zai ƙara mutuwa ba. Baba Boaz na Angwan Iya ya gwada, shaidar tana ƙarƙashin katifarsa.

1. Ka ji gurnani
Wani dare za ka ji shi daga bayan gari, ta hanyar Gitata. Ba kura ba ce, ba hadari ba ne. Katafila ake saukewa, mutanen Abuja sun sayi kwazazzabon za su yi gidaje. Kada ka damu da gonar kowa. Ka tuna ɗan shuɗin furen nan da ba ya fitowa ko'ina sai a tsagar dutsen can, wanda ko akuya ba ta kula shi.

2. Ka nemi ilimi a takardar ƙosai
A nan Baba Boaz ya samo nasa. Hoton wani fure ne na duwatsun hamada, an busar da shi, an manna a takarda, ga sunan wanda ya tsinko shi a ƙasa. Mutumin ya daɗe a kabari, sunansa na nan cikin maiƙo. Ka ga ke nan, abin da ya bushe shi ne ke daɗewa.

3. Ka tsinke
Duka, har saiwa. Maƙwabciyarka za ta tare ka da buhu a kai, kamar yadda Filomina ta tare Baba Boaz.
"Baba, ka bar kaɗan su yi iri mana."
"Ke 'yar nan, iri na manoma ne. Mu masana ba ma jiran kaka."

4. Ka danne
Ka jera su cikin tsofaffin jaridu, ka tura ƙarƙashin katifa, ka kwanta a kai. Masani mai ƙiba ya fi saurin gama bincike.

5. Ka rubuta
Inda ka samo shi, da ranar, da launinsa. Launin ya fi muhimmanci, domin nan gaba kaɗan zai koma kamar ganyen taba. Sunanka da manyan baƙaƙe.

6. Ka jira katafila
Ba za ta shiga kwazazzabon ba. Masu aikin za su yi rigima su watse, kaji su yi ta ƙwai a ƙarƙashinta. Damina za ta sauka, dutse ya yi kore shar, ka duba tsaga ɗaya bayan ɗaya, ba fure.

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba shi da hannu a ciwon baya, ko gara, ko dutsen da ya zama fayau. Mai ƙorafi ya kai wa katafila.

Haka Baba Boaz ma ya faɗa ran da ya baje jaridunsa a tsakar gida don unguwa ta gani. Filomina ta tsuguna, ta taɓa busasshen fure ɗaya da ɗan yatsa, ya marmashe.
"Baba, in an zuba masa ruwa, zai tsiro?"